Gwadabe da Ratse: Gardamar 'Yan Wasan Bidiyo da Tarihin Hanyar Gwanja



A dogon hutun makaranta da ya wuce, samarinmu masu karatu a Dapaong da Sokode da jami'ar Kara sun dawo gida Mandouri, suka mai da rumfar ƙofar gidan dattijon da muke yi wa aikin magatakarda wurin hirarsu tsakanin la'asar da magariba. Wata rana muna cikin zaure muna kwafe takardar rabon gado, sai muka ji murya ta tashi a waje kamar ana jayayya a kan iyakar gona. Da muka leƙa, ashe gardama ce a kan wasan bidiyo, kuma abin da ya raba su shi ne tambaya guda: a cikin wasannin da suke yi, wanne ne ya fi iya ba da labari? Da farko mun yi niyyar tsawata musu, amma da muka saurara sai muka ga maganar tana da tushe, kuma tushen nata yana cikin tarihin da ya kawo kakanninmu wannan ƙasa.

Irin wasan da suke magana a kai shi ne wanda suke kira na buɗaɗɗiyar duniya. Mai wasa yakan shiga rigar jarumi guda, a shimfiɗa masa ƙasa mai garuruwa da dazuzzuka da koguna, a ba shi babbar buƙata guda wadda ita ce ƙashin bayan labarin, sannan a sake shi ya bi duk inda ya ga dama. In ya so ya miƙe kan buƙatarsa, in ya so ya tsaya a kowane ƙauye ya karɓi ƙananan aike-aike daga mutanen da ya tarar. Wasanni biyu suka fi ambata. Na farko shi ne Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a Nuwamban 2011. Na biyu The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red da ke ƙasar Folan, ya fito a Mayun 2015, an gina shi a kan littattafan marubucinsu Andrzej Sapkowski, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Ba za mu ɓoye ba, a cikin wasannin nan akwai tsafi da zubar da jini da wasu abubuwan da tarbiyyarmu ba ta yarda da su ba, kuma mun faɗa wa yaran haka a gaban idonsu. Amma yau batunmu labarin ne.

Ra'ayinsu ya rabu uku. Ɓangare na farko suka ce The Witcher 3 ba shi da na biyu. Jaruminsa Geralt yana neman Ciri, yarinyar da ya rena kamar 'yar cikinsa, kuma a hanya ya haɗu da wani shugaban mayaƙa, mashayi, wanda ya riƙa dukan matarsa har ta gudu ita da 'yarsu. Mutumin ya ƙi faɗin abin da ya sani game da Ciri sai an nemo masa iyalinsa. Suka ce abin da ya kama su shi ne, shawarar da ka yanke a wani wuri can daban ita ke juyowa ta shafi makomar gidan nan, har mutumin yana iya ƙarewa da rataye kansa, kuma ba ka da damar cewa ba ruwanka. Ɓangare na biyu suka ce su Skyrim ne nasu. Sun yarda babban labarinsa na yaƙi da dodanni masu fiffike bai da nauyi sosai, wasunsu ma ba su taɓa kai ƙarshensa ba, amma a ganinsu labarin gaskiya shi ne wanda mai wasa ya ƙulla da ƙafarsa: dutsen da ya hau, kogon da ya faɗa, abokin tafiyar da ya rasa. Sai wani yaro mai kaifin baki, wanda shi kaɗai ne ɓangare na uku, ya ce dukansu suna ruɗin kansu. Ya ce wane irin uba ne za a ce masa maƙiya na farautar 'yarsa, ya tsaya a kowace mashaya yana buga karta, ya yi wata guda yana neman tukunyar wata tsohuwa, kuma ya iso ya tarar komai yana jiransa yadda ya bari?

Dattijonmu, wanda duk wannan lokaci yana jan carbi bai ce uffan ba, ya ɗaga kai ya ce: "Ai wannan maganar fatake ce. Gwadabe da ratse. Ku tambayi magatakarda ya ba ku tarihin hanyar Gwanja." Abin da ke biye shi ne cika wannan umarni.

Tun ƙarni na 18, kuma musamman a ƙarni na 19 bayan kafuwar daular Sakkwato, ayarin fatake yana tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, don sayen goro. Goron yana fitowa ne daga dazuzzukan Asante, ana kawo shi kasuwar Salaga, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi. Manyan masu wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Suna tafiya da kanwa da tufafin rini na Kano da jemammun fatu da dabbobi, kuma gaskiyar tarihi ba ta barin mu tsallake cewa har da bayi, domin Salaga babbar kasuwar bayi ce a zamaninta. Girman ayari ba ƙarami ba ne. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kaiama ta ƙasar Bargu a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun kai dubu, da dabbobin kaya kimanin haka.

Hanyar ba guda ba ce, kuma biyu daga cikin manyan rassanta sun ratsa ƙasar da ake kira Togo yau. Reshen kudu yana ƙetare Kwara ya shiga Bargu, ya bi ta Nikki da Zugu, wadda a taswira ake rubuta Djougou, ya shigo ƙasar Kotokoli, inda 'yan kasuwa Musulmi suka kafa unguwar Didawure wadda ita ce cibiyar Sokode ta yanzu. Reshen arewa yana fitowa ta Jega ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Gurma, ya gangaro Sansanne Mango a bakin kogin Oti, daga nan Yendi, sai Salaga. Mandouri tana cikin wannan shimfiɗa ta ƙasar Gurmawa, kusa da kogin nan na Oti. Sunan Sansanne ma kalmarmu ce ta sansani, aka laƙaba wa garin da mayaƙan Anufo suka kafa a tsakiyar ƙarni na 18. Duk zangon da ke arewacin Togo, in ka tona asalinsa, za ka tarar da sawun jakin fatake.

A cikin ayari kowa da matsayinsa. Madugu shi ne shugaba, shi ke zaɓen hanya, shi ke ciniki da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya na wucewa. Akwai malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta wasiƙu, akwai maroƙa, akwai mata masu dafa abinci da ƙananan saye da sayarwa, akwai 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka. A kowane babban zango kuma akwai maigida mai saukar baƙi, wanda ke haɗa su da dillalai ya tsaya musu a kan bashi. Yaranmu da ke zaɓen ko su zama mayaƙi ko ɗan kasuwa ko mai magani a cikin wasa, su sani kakanninsu sun riƙe waɗannan matsayi da jikinsu, a tafiyar da ke cin watanni, wani ayarin ma ba ya ganin gida sai shekara ta kewayo.

A nan ne maganar yaron nan mai kaifin baki take samun amsa. Falke ma yana ratse. Yakan bar gwadabe don wata kasuwa da aka ce kanwa ta yi tsada, ko don ziyarar wani malami, ko don bin bashi, ko don aure. Sai dai kowane ratse da farashinsa. Goro ɗanyen kaya ne. Ana naɗe shi cikin ganyen fita a ɗaure a huhu, a riƙa kwancewa ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ta lalata sauran. Kwana goma da aka ƙara a hanya asara ce da ake ƙirgawa da hannu. Tafiyar ta rani ce, wanda ya yi jinkiri har damina ta faɗi zai tarar Oti ya cika, masu fito sun ninka kuɗinsu, jakuna sun fara mutuwa. Wanda ya kauce wa kuɗin wucewa na wani sarki, ayarin baɗi ne zai biya da riba. Wanda ya ci amanar maigida a Mango, labarinsa zai riga shi isa Yendi. Lokaci ba ya tsayawa ya jira kowa, mutanen hanya kuma ba sa mantuwa.

Daga wannan rayuwa ce labarun zango suka fito. Hausawa sun daɗe da rarrabe nau'o'in zance. Tatsuniya ta dare ce, ta Gizo da Ƙoƙi, an san ƙirƙira ce, ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku," a rufe da "ƙurunƙus," har ana tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana ɓata yake yi. Ƙissa ta annabawa da sahabbai ce, wurinta gaban malami. Labari kuwa shi ne abin da ake cewa ya faru, kuma shi ne abincin hirar fatake. Abin da muka ji daga dattawan da suka ji daga iyayensu shi ne, mai ba da labari a zango ba ya samun sauƙi, domin masu sauraronsa sun bi hanyar da yake faɗa. In ya ce ya ƙetare kogi kaza a wata kaza da jaki arba'in bai rasa ko ɗaya ba, akwai wanda zai tambaye shi sunan mai fito. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana yafe wa mai labari ƙarin gishiri, ba a yafe masa labarin da aka yi ɓarna a cikinsa babu wanda ya biya.

Allah Ya sa wasu daga cikin labarun nan sun shiga takarda, kuma babban rabo daga ciki a wannan yanki namu aka rubuta shi. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Kete-Krachi, an haife shi a Kano wajen 1858, ɗan falke ne, ya bi hanyoyin fatauci tun yana saurayi, har ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idar rubuta wasiƙu, abin da ya sa mu masu aikin magatakarda muke ɗaukarsa uba. Ya isa Salaga a 1892, shekarar da yaƙin basasa ya tarwatsa garin, daga baya ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin tana cikin Togo ta Jamusawa, ya zama limaminta har rasuwarsa a 1934. A can ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da ajami a kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da fataucinta, shi kuma Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. A Gwalkwas, Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray tatsuniyoyi da al'adu da karin magana, aka buga su a Oxford a 1913. A Arewacin Nijeriya Frank Edgar ya tara nasa mujalladai uku tsakanin 1911 da 1913.

Da aka zo zamanin ƙagaggun labarai na boko, siffar tafiyar falke ba ta bar mu ba. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka rubuta don gasar 1933, ya san ginin littafin: Alhaji ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke mijin uwarsa liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Wannan shi ne gwadabe. Amma tambayi mutum goma da suka karanta shi a makaranta abin da suke tunawa, yawancinsu Malam Zurƙe za su ambata, da yadda su biyun suka riƙa shirya wa juna tsiya daga gari zuwa gari. Wannan kuwa duk ratse ne. Abin da ya hana ratsen nan zama shirme shi ne Zurƙe ba ya mantuwa. Duk abin da Alhaji ya shuka masa a wannan gari, a gari na gaba zai girbe shi. Mai karatu yana shiga kowane sabon gari da fargabar ta ina ramuwa za ta ɓullo.

Da wannan ma'auni muka koma wa samarinmu washegari. Muka ce wa masoya Skyrim sun yi gaskiya da suka ce tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a zuciya. Amma faɗin ƙasa shi kaɗai ba ya zama labari. In za ka iya zama shugaban ƙungiyar ɓarayi da shugaban makarantar matsafa da jarumin ƙasa duk a lokaci guda, mutanen gari kuma su ci gaba da yi maka magana kusan kamar baƙon jiya, to ƙasar ba ta riƙe abin da ka aikata ba. Muka ce wa masoya The Witcher 3 abin da ya girgiza su a labarin mashayin nan shi ne abin da ke girgiza mai sauraro a zango: an yi zaɓi, an biya, kuma wanda ya biya yana da fuska da suna. Shi kuma mai kaifin baki muka ce ya gano aibi na gaske, wato lokacin da ke tsayawa cik yana jiran mai wasa, kuma da masu ƙera wasannin nan sun san yadda goro ke bushewa a huhu, da sun san yadda ake sa ratse ya yi nauyi. Ba su daina gardamar ba, amma sun canza tambayar da suke yi wa juna. Yanzu sai ka ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, to me ka rasa da ka yi haka, kuma wa ya tuna?

Hanyar Gwanja kanta ta mutu a hankali. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, su kuma suka janye mata goro. Yaƙin 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa. Jamusawa suka kafa bariki a Sansanne Mango a 1896, da Sokode a 1898, aka ja iyakoki aka kafa wuraren karɓar haraji. Goro ya fara bin jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, jaki ya kasa gasa da shi. A Agustan 1914 Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina, aka raba Togo tsakanin Faransa da Ingila, har Kete-Krachi da Yendi suka ƙare a Ghana, mu kuma muka kasance a Togo da ta sami 'yancin kai ran 27 ga Afrilun 1960. Jikokin fatake suka zauna a zangogi suka zama mahauta da teloli da direbobi da dillalan shanu da malaman allo. Labarin hanyar ya rage a bakin tsofaffi kaɗai.

Abin da ya sa muka ga wajibi ne mu rubuta wannan shi ne halin da muke ciki yau. Tun harin Sanloaga na Nuwamban 2021 a nan gundumar Kpendjal, da wanda ya biyo baya a Mayun 2022 inda sojoji 8 suka rasa rayukansu, da dokar ta-ɓaci da aka kafa a yankin Savanes a Yunin 2022, ƙasar da kakanninmu suka ratsa da jaki ta ƙuntata mana. Akwai ƙauyukan da ba a zuwa, akwai hanyoyin da ba a bi in rana ta yi sanyi, hirar dare a dandali ta ja baya ƙwarai. Yaron da ba zai iya zuwa gonar kakansa a bakin kogi ba, shi ne ke yawo a dazuzzukan da aka zana a Folan da Amurka. Ba mu ga laifinsa ba. Damuwarmu ita ce tsofaffin da suka san wace rijiya ce ta fatake, wane gida ne na masu saukar baƙi, wace zuriya ce ta fito daga Kano wace ce daga Kabi, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma mu da ke riƙe da alƙalami mun fi rubuta musu takardar gado fiye da abin da ke cikin kansu.

Wasu sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan Aurion a 2016, labarin wani yarima da surukinsa ya ƙwace wa sarauta ranar bikinsa, an gina shi da kayan al'adun Afirka. A 2025 kuma kamfanin Amurka mai wasan Civilization VII ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa. In mu ba mu tattara tarihinmu ba, wani zai ɗauki sunayen ya cika sauran da abin da ya ga dama.

Saboda haka ga roƙonmu ga samarin Mandouri da Dapaong da Mango da Sokode. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban kakanninku, ku yi musu tambayoyin da kuke yi wa wasanninku: daga ina aka taso, me aka fito nema, a ina aka ratse, me aka rasa, wa ya ci amana, wa ya riƙe ta. Ku rubuta sunan mai magana da ranar da ya yi ta, ku kawo kwafi zauren mai unguwa a adana. Mu mun fara da dattijon da muke yi wa hidima, kowace Alhamis bayan la'asar, kuma biyu daga cikin masu gardamar nan su ke riƙe wayar. Wanda Allah Ya ba ilmin kwamfuta a cikinku, wata rana zai sami abin da zai gina a kai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Kpendjal da sauran ƙasashen Musulmi da maƙwabtanmu baki ɗaya. Wanda ya san wani abu na hanyar Gwanja daga bakin iyayensa, muna roƙon ya ƙara mana, wanda ya ga kuskure kuma ya gyara. Wassalamu alaikum.